Kaɗin Lantarki: Yadda Za Ka Saƙa Zaren Nano Mai Sakin Magani a Hankali a Zafin Yamai

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ko mai gyambon ciwon suga ya san sa'ar da ta fi kowace wuya, wato sa'ar canza bandeji. Auduga ta manne da miki, sai an jiƙa ta an ɓamɓara a hankali, majinyaci na cije leɓe, a shafa magani a rufe, gobe a sake. Maganin da aka shafa da safe da ƙarfinsa yake farawa, kafin a dawo ya yi sanyi, ƙwayoyin cuta sun samu sarari. Abin da ake nema shi ne magani ya tsaya tsaka-tsaki kwana da kwanaki, kada ya yi yawan da zai cutar, kada ya yi ƙarancin da ba zai amfana ba. Matanmu sun riga sun san irin wannan dabara a Jadelle, ƴan sandunan nan biyu na tsarin iyali da ake sa musu a damtse su yi ta sakin magani har shekara 5. Zaren nano wata hanya ce zuwa ga wannan manufa.

Zare ne na folima, dangin roba ke nan, mai kaurin nanomita 100 zuwa 1,000. Gashin kai ɗaya yakan kai nanomita 70,000, ka ga sai an tsaga shi gida ɗari biyu da wani abu kafin a samu zare mai nanomita 300. In zaren ya taru sai ya zama ƴar tabarma fara sol, mai laushi, iska na ratsa ta, magani kuma na cikin kowane sili. Yadda ake yin sa bai yi nisa da kaɗin da kakanninmu mata suke yi ba. Su da mazari suke jan auduga ta sirance, mu da wutar lantarki muke jan ɗigon ruwan folima. Shi ya sa nake ce masa kaɗin lantarki. Anton Formhals, Bajamushe, ya yi rajistar dabarar a 1934. Geoffrey Taylor na Ingila ya bayyana siffar ɗigon da wuta ke ja a 1964. Darrell Reneker na Jami'ar Akron a Amurka ya farfaɗo da aikin a shekarun 1990. A 2002 kuma El-Refaie Kenawy, Bamasare, da abokan aikinsa a jihar Bajiniya suka nuna cewa zaren zai iya ɗaukar tetirasaikilin ya riƙa sakinsa.

Na rubuta wannan jagora saboda ɗalibanmu na kimiyya da na haɗa magunguna da ke can Harobanda, a Jami'ar Abdou Moumouni, da duk mai labo da ke son gwadawa. Akwai abin da nake so ka riƙe tun yanzu: kusan duk girkin da za ka samu a mujallu an yi shi ne a ɗaki mai sanyin digiri 20 da ƴan kai, da laima tsaka-tsaki. In ka kwafo shi yadda yake ka dasa a Yamai cikin Afrilu, ba zai yi ba, kuma za ka ɗauka laifin hannunka ne. Zafinmu da bushewar iskarmu suna cikin kayan haɗi, dole a auna su kamar yadda ake auna gari.

Mataki na farko: tambaya uku kafin ka sayi komai

Wane magani, a wane wuri na jiki, na kwana nawa? Amsar ita ce za ta zaɓa maka folima. Folimomin da ake kira PVP da PVA ruwa ke narkar da su, suna sakin abin da ke cikinsu cikin mintoci ko ƴan awanni, sun dace da abin da ake so ya narke a baki nan take. PLGA, wata folima da aka haɗa da sinadarai biyu, in rabi da rabi ne yakan ruɓe a jiki cikin wata ɗaya zuwa biyu. PCL kuwa mai taurin kai ne, ba ya son ruwa, yakan kai shekara 2 zuwa 3 kafin ya ƙare.

Sannan ka duba jituwar magani da folima. Maganin da ke son ruwa in ka cusa shi cikin folimar da ba ta son ruwa, yayin bushewa sai ta turo shi waje ya zauna a bayan zare, kamar kanwa a bakin tafki. Da ya taɓa ruwa sai ya wanke gaba ɗaya. Wannan ita ce ambaliyar farko, kuma ita ce babbar abokiyar gabarka a duk wannan aiki.

Ƙaro da muke da shi a ƙasar nan ba ya kaɗuwa shi kaɗai, amma in an haɗa shi da PVA yana yin zare, kuma ina ganin nan akwai aikin kundi mai kyau da ke jiran mai yi. Haka kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande, sai an haɗa shi da PVA ko wata folima mai suna PEO. In kuma jelatin za ka saya, ka tambayi asalinsa. Da yawa daga fatar alade ake yin sa, akwai na saniya da na kifi. Abin da za a ɗora wa mutanenmu a jiki wata rana, gara a gyara wannan tun daga tushe.

Mataki na biyu: kayan aiki, da maganar wayar ƙasa

Kana buƙatar injin ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya, wanda zai kai kilobolt 30, da famfon sirinji mai turawa a hankali, da sirinji na mililita 5 ko 10, da allura mai lamba 21 wadda aka datse tsininta ta zama dagumi, da farantin ƙarfe da aka lulluɓe da takardar alminiyam, da akwatin roba mai gani-gani da za a rufe su duka a ciki, da ƴar na'urar auna zafi da laima. Akwati da maƙallai da faranti, masu aikin hannu na Katako za su yi maka su da kyau in ka kai musu zane. Injin wuta dai ka saya na gaske. Na san ana haɗa shi da tiransifoma ta tsohuwar tele, amma wutarta ba ta tsayawa wuri ɗaya, awon da ka yi yau ba zai maimaitu gobe ba, kuma haɗarinta ya fi arharta.

Wayar ƙasa ita ce rayuwarka. Yashinmu in rani ya yi nisa bushe yake ƙamas, ba ya karɓar wuta yadda ya kamata. A kafa sandar tagulla da zurfi, a zuba gawayi da gishiri a ramin, a riƙa ba shi ruwa, kuma mai aikin wuta ya auna ta. Faranti da jikin famfo duka a haɗa su da ita. Kada ka buɗe akwati injin na kunne. In ka kashe, ka taɓa allurar da sanda mai mariƙin roba wadda aka ɗaura wa wayar ƙasa, ragowar wutar ta zube, sannan hannunka ya shiga. Kada ka yi aikin kai kaɗai a ɗaki. Famfo kuma ka ɗora shi kan batirin ajiya, don in wuta ta ɗauke ta dawo a tsakiyar aiki, tabarmar ta zama iri biyu.

Mataki na uku: dama ruwan folima

Fara da PVA da ruwa, ba su da guba, kuskure a kansu ba ya tsada. Nemi mai nauyin ƙwaya tsakanin 85,000 da 124,000. Wanda aka rubuta masa kashi 87 zuwa 89 na haidirolisis a jikin kwalba ya fi saurin kaɗuwa, mai kashi 98 zuwa 99 ya fi wuya amma ya fi jure ruwa daga baya. Auna giram 1, ka zuba a tataccen ruwa mililita 10, kashi 10 cikin ɗari ke nan. Barbaɗa shi kaɗan-kaɗan cikin ruwan sanyi kana motsawa, kamar mai talgen tuwo, in ka juye shi gaba ɗaya gudaji zai yi. Ɗaga zafi zuwa digiri 80 ko 90, kwalbar a rufe, na'urar maganaɗisu na juya shi awa 2 zuwa 3 har ya yi garau. Auna nauyin kwalbar kafin da bayan dafawa, ruwan da ya tsere ka mayar da shi. Bar shi ya huce ya kwana kumfa ta kwanta.

Kada ka fara da magani. Fara da shuɗin metilin, rinin da kowane labo yake da shi, don da idonka za ka ga yadda yake fita. In hannunka ya faɗa, sai ka koma kan magani na gaske, kamar sifirofuloksasin ko tetirasaikilin, kashi 5 cikin ɗari na nauyin folima, wato miligiram 50 a giram ɗayan nan, a zuba bayan ruwan ya huce. Tsantsar garin magani za ka nema. Ƙwayar farmasi in ka daka ta, sitaci da sauran abin da aka cika ta da su za su toshe maka allura su kuma ɓata maka awo. Tetirasaikilin ba ya son haske, naɗe kwalbarsa da alminiyam.

Mataki na huɗu: kaɗi

Zuƙi ruwan a sirinji, fitar da iska, ɗora a famfo. Tazarar bakin allura da faranti santimita 15. Turawa rabin mililita a awa. Maƙala wayar wuta a allura, rufe akwati, rage hasken ɗaki, haska bakin allurar da tocila daga gefe, da baƙin kwali a bayansa.

Da farko ɗigo ne kawai ke lilo a bakin allura, zagaye kamar raɓa. Fara murɗa wuta a hankali. Wajen kilobolt 8 ko 10 za ka ga ɗigon ya fara miƙewa, ya yi tsini kamar kan mazari. Wannan shi ne tsinin Taylor. Ƙara kaɗan, sai wani sili ya tsirgo daga tsinin, ya tafi a miƙe ƴan santimita, sannan ya ɓace cikin wani hazo-hazo mai walƙiya. Ba hazo ba ne, sili ɗaya ne yake bulala da saurin da ido ba ya iya bi, a nan yake sirancewa, ruwan jikinsa na bushewa kafin ya isa faranti. Yawanci tsakanin kilobolt 12 da 20 abin yake daidaita. Bayan minti goma alminiyam zai fara dushewa kamar gilashin da aka hura wa numfashi.

Tsinin shi ne malaminka. In ɗigo na girma har yana faɗowa, turawa ta fi wuta. In tsinin na komawa cikin allura, wuta ta fi turawa. In ka ji ƙara tas-tas ko ka ga shuɗin tartsatsi, kashe nan take. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a jira minti biyar, a rubuta. Kuma ka yi haƙuri: awa 4 a kan wannan turawa mililita 2 ne, abin da zai ba ka tabarmar da ba ta wuce miligiram 200 da ɗan ɗori ba.

Mataki na biyar: rikicin yanayi

Wata ɗaliba ta taɓa shigowa ofis da gudu da takardar alminiyam a tafin hannu, tana cewa, "Malam, ga shi ya fito!" Na ce, "Madalla, ƴata, ya yi kyau ƙwarai. Laima nawa ce a akwatin lokacin da kika yi shi?" Ta yi shiru. Cikin Janairu ke nan. Da damina ta sauka ta maimaita girkin nan ba ta canza komai ba, abin da ya sauka kan faranti ya zama jiƙaƙƙen fim mai sheƙi. Wata biyu ta yi tana neman inda ta kuskure, alhali iska ce ta sauya.

Da hunturu laimar Yamai takan sauka ƙasa da kashi 20. Ruwan folima na bushewa tun a bakin allura, ya yi gemu, ya toshe. Maganinsa ka ajiye faffaɗan kwanon ruwa a kusurwar akwati nesa da wayoyi, ka rage kaurin ruwan zuwa kashi 8 ko 9, ko ka matso da faranti kaɗan. In kana son laimar ta tsaya wuri ɗaya, ruwan da aka ƙosar da gishirin fotasiyam kabonet yana riƙe rufaffen akwati wajen kashi 43, na maganiziyam kulorayid wajen 33. A Agusta kuwa akasin haka ne, zaren PVA na isa faranti da danshi ya manne da juna. Sai ka zuba silika mai shan laima, ka ƙara tazara zuwa santimita 18 ko 20, ka rage turawa. Laimar kashi 30 zuwa 50 ake nema.

Zafi kuma yana tsinka ruwan folima. Kashi 10 na sanyin Disamba ya fi kashi 10 na bazara kauri, kuma ruwa in ya tsinke zare yakan fito da ƙulle-ƙulle kamar carbi. Da bazara ka yi aikinka bayan sallar asuba. Kada ka kunna fanka kusa da akwati, za ta kwashe zaren ta kai bango. Ƙurar hunturu ma wuta na jawo ta kan faranti, ka toshe kafofin akwati da kyau.

In ka koma kan PCL, kashi 10 zuwa 15, sai ka ƙara hattara, don ba ruwa ke narkar da shi ba. Cikin masu narkar da shi, kulorofom na tafasa a digiri 61, asiton a 56, dikulorometan kuwa a 40, wato ranar bazara a ɗakin da ba sanyi kwalbarsa na iya tafasa tana ajiye. Kulorofom da dikulorometan da DMF, wani ruwan narkarwar, guba ne ga hanta, kuma duk waɗannan ruwaye ba a aiki da su sai ƙarƙashin murfin zuƙe tururi. In babu shi, haɗin asid asetik da asid fomik ya fi sauƙin guba, ko da yake shi ma yana ƙuna yana kuma son iska, kuma yana cin PCL a hankali, sai a kaɗa a ranar da aka dama. PCL na narkewa wajen digiri 60, kada ka bar shi cikin motar da ke tsaye a rana. PLGA na fara laushi tsakanin digiri 45 da 55, firigo ne gidansa.

Mataki na shida: duba zaren

Ɗora ƙaramin gilashi kan faranti na daƙiƙa 30, ka kai ƙarƙashin madubin labo. Ba zai ba ka kauri ba, amma zai nuna maka ko zare ne ko carbi ko yayyafi. Kauri sai madubin ilektiron. Tara samfuranka mafi kyau a busasshiyar kwalba ka aika su sau ɗaya. In hotuna sun zo, auna sili 100 da manhajar ImageJ, ka ba da matsakaici da bambanci.

Mataki na bakwai: rage wa magani gudu

Tabarmar PVA in ka jefa ta ruwa haka nan, kafin ka ƙirga ashirin ta zama majina. Sai an ɗaure zaren. Ana gasa shi a digiri 150 zuwa 180, ko a sa asid sitirik cikin ruwan tun farko sannan a gasa, ko a turara shi da gulutaraldehayid, wanda yake aiki ƙwarai amma ragowarsa na cutar da nama. Tetirasaikilin ba zai jure gashi ba, don haka ko dai a gasa tabarma tukuna a jiƙa ta da magani daga baya, ko a koma PCL.

Wata dabara mai sauƙi da nake so ita ce hawa uku: kaɗa PCL zalla, kaɗa mai magani a kansa, ka sake rufewa da PCL zalla. Kaurin murfin shi ke ƙayyade gudu. Ta fi wannan inganci ita ce allura cikin allura da famfo biyu, zare ya fito kamar karan dawa, magani a totuwa, folima a ɓawo. Tun 2003 ake yin ta, amma ka bar ta sai ka ƙware da allura ɗaya.

Mataki na takwas: awon fita

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi ganin ana sakaci. Haɗa ruwan da ke kwaikwayon na jiki: a lita ɗaya, gishiri giram 8, fotasiyam kulorayid 0.2, daisodiyam fosfet 1.44, monofotasiyam fosfet 0.24, a daidaita pH a 7.4. Fara da layin ma'auni: narka magani a ƙarfi biyar ko shida da ka sani, ka auna yadda kowanne ke shan haske a sifektirofotomita. Shuɗin metilin a nanomita 664, metironidazol wajen 320, tetirasaikilin wajen 360, sifirofuloksasin wajen 270 da ƴan kai, amma ka bincika ƙololuwar da kanka cikin ruwan da za ka yi aiki da shi. A hasken da ke ƙasa da nanomita 300 ƴar kwalbar awo ta roba ko gilashi na shanye haske, sai ta kwats.

Yanki tabarma miligiram 20. A lissafi, magani miligiram 50 cikin jimlar 1,050, yankin nan yana ɗauke da miligiram 0.95. Kada ka yarda da lissafi kawai, narkar da wani yanki ɗungurungum ka auna abin da ke ciki da gaske, wannan adadin ne kashi ɗari naka. Saka yankin gwaji a ruwa mililita 20, a rufe gam, a digiri 37, ana girgizawa a hankali. Ɗebi mililita 1 a minti 15, da 30, da awa 1, 2, 4, 8, 24, sannan kullum, kana mayar da sabon ruwa mai ɗumi daidai wanda ka ɗiba. A kowane lissafi ka haɗa da maganin da ka kwashe a ɗibar baya, in ba haka ba layinka zai riƙa sauka a ƙarshe kamar magani na komawa cikin zare. Kwalba uku ga kowane samfuri, da ta huɗu mai zaren da ba magani, don a tabbata folimar ba ita ke shan hasken ba.

Ka lura da wannan: yawancin akwatunan ɗumi dumamawa kawai suka iya, ba sa sanyayawa. In ɗakin ya kai digiri 42, akwatin da ka saita a 37 yana kan 42 ko fiye, magani zai fita da gaggawa, kai kuma ka rubuta 37 a kaye. Sa ma'aunin zafi cikin kwalbar ruwa a ciki, ka duba shi da azahar.

Zana jimlar abin da ya fita a kan lokaci. In kashi 70 ko 80 ya fita a awa ta farko, ambaliya ce, koma mataki na bakwai. In ya hau kaɗan da farko sannan ya miƙe a hankali, ka kama hanya, kuma ga miki ɗan hawan farkon nan ma alheri ne, shi ke fara karya ƙwayoyin cuta. Gwada kashi 60 na farko da lissafin Korsmeyer da Peppas: in n, adadin da lissafin ke bayarwa don nuna yadda magani ke fita, ya zo wajen 0.5, magani tsiyayewa yake ta kafofi, in ya doshi 1, kumbura ko zaizayar folima ce ke jan ragama. Layin da bai yi kyau ba ma ka rubuta shi yadda ya zo.

Mataki na tara: ko maganin na da rai?

Wuta da ruwan narkarwa da gashi suna iya kashe magani ya fito daidai a awo amma ba ya aiki. Yanka ƴan da'irori na milimita 6, ka ɗora kan faifan renon ƙwayoyin cuta na Mueller-Hinton da aka shuka wa Staphylococcus aureus da wani mai Escherichia coli, tare da da'irar da ba magani, a digiri 37 na awa 18 zuwa 24, ka auna filin da ƙwayoyin suka kasa tsira. Ɗauke da'irar ka mayar kan sabon faifai kowace rana, ka ga kwana nawa take ci gaba da kisa. Wannan aikin masu nazarin ƙwayoyin cuta ne, ka nemi haɗin kai da na tsangayar lafiya ko na CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai.

Tukunyar tururi mai digiri 121 za ta narkar da PCL, alkol kuma zai wanke magani, don haka a labo hasken UV ake haska wa kowace fuska, shi ma a sake auna maganin bayansa. Kuma komai kyan sakamako, kada ka ɗora tabarmar nan a jikin kowa, ko ɗan'uwanka ne ya roƙe ka. Akwai sauran awon ragowar ruwan narkarwa, da gwaji kan ƙwayoyin halitta, da kan dabbobi, da izinin kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya. Ragowar samfuran ka naɗe su da alminiyam, ka sa a kwalba da silika, ka rubuta kwanan wata da zafi da laimar ranar a jiki. Raba su biyu, rabi a firigo, rabi a kan kanta cikin zafin ɗaki, bayan wata 3 ka sake awon fita a kan duka biyun, don bandejin da za a kai likitar ƙauye a Ader ba a firigo zai yi bazara ba.